Kashe Wa Gari Wuta da Ruwa da Gangan Laifin Yaƙi Ne, Ko Wa Ya Aikata

Akwai wata majalisa a bakin layinmu inda muke zama bayan sallar isha'i, kuma a nan na ji maganar da ta hana ni sukuni har sai da na zauna na yi wannan rubutu. Muna sauraron labaran duniya a rediyo, aka ce Rasha ta sake yin luguden makamai masu linzami a kan tashoshin wutar lantarki na Yukiren, jama'a masu ɗimbin yawa sun kwana cikin duhu ana tsakiyar hunturu. Wani dattijo da nake girmamawa ƙwarai ya gyara zama ya ce ai wannan dabarar yaƙi ce, kuma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe Alhaji, ai irin wannan ne ka yi ta Allah wadai da shi lokacin da Isra'ila ta yanke wa Gaza wuta da ruwa." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan daban, wancan daban." Ban ja da shi ba saboda girmansa, amma har na kwanta ina neman bambancin ban same shi ba.

Matsayina a kan wannan batu shi ne, duk wanda ya auna tashar wuta, ko matatar ruwan sha, ko madatsar ruwa, ko asibiti, da nufin ya ƙuntata wa farar hula don su durƙusa, ya aikata laifin yaƙi. Haka kuma wanda ya fake da wata 'yar fa'idar soja ya rusa abin da rayuwar miliyoyin mutane ta rataya a kansa, alhali ya san abin da zai biyo baya. Hukuncin ba ya sauyawa don mai harbin abokinmu ne, ko don wanda aka harba ba addininmu ɗaya ba.

Mun ɗanɗana, ba a cikin yaƙi ba ma

Mu a Arewacin Najeriya ba sai an yi mana dogon bayani a kan abin da rashin wuta yake jawowa ba. A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace, jihohi da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Abin da ya fara ɓacewa a unguwarmu shi ne ruwa. Rijiyoyin burtsatse sun tsaya, masu janareta suka ƙara kuɗi saboda tsadar mai, 'yan ga-ruwa suka riƙa tura kura har unguwanni masu nisa su dawo da jarkokin da farashinsu ya ninka. Na ga yara da bokitai suna layi tun asuba a bakin wata tsohuwar rijiya da aka daɗe da daina shan ruwanta.

Akwai wata baiwar Allah maƙwabciyarmu mai ciwon suga, wadda allurarta ba ta jure zafi. Da firji ya daina aiki, sai 'yarta ta ƙulle kwalaben a leda ta saka su a cikin randa, tana duba su safe da yamma tana fargabar kada su lalace. Masu walda sun rufe shaguna, teloli sun naɗe hannu, mai injin markaɗe ya ce sai an ƙara kuɗi. Duk wannan ya faru ba tare da jirgin yaƙi ko ɗaya ya ratsa samaniya ba, hanyoyi a buɗe, kasuwanni suna ci, ana iya sayen mai idan da kuɗi.

To, a ƙaddara wannan duhun ya kai wata shida, a garin da sanyi ke daskarar da ruwa a cikin bututu, ko a garin da aka rufe ƙofofinsa ba a shigar da man janareta. A nan ne injin wankin ƙoda yake tsayawa, kwalbar da ake saka jarirai bakwaini take hucewa, allurar riga-kafi take lalacewa, ruwan masai yake komawa cikin ruwan sha. Wanda ya jefa bom a kan taransfoma da daddare zai iya bugun ƙirji ya ce bai kashe kowa ba, domin gawawwakin sai bayan makonni suke fitowa, ɗaya bayan ɗaya, a asibitoci da cikin gidaje, inda babu mai ɗaukar hoto.

Abin da doka ta tanada

Dokokin yaƙi na wannan zamani sun ginu ne a kan Yarjejeniyoyin Geneva na 1949 da ƙarin da aka yi musu a 1977. Sashe na 52 na ƙarin farko ya hana kai hari kan kayan farar hula, ya kuma ce abu ba ya zama halattaccen abin hari sai idan yana ba da gudummawa ta haƙiƙa ga aikin soja, kuma rusa shi zai kawo tabbatacciyar fa'idar soja a wannan lokacin. Sashe na 54 ya ba da kariya ta musamman ga abin da jama'a ba za su rayu ba sai da shi, wato abinci da gonaki da dabbobi da wuraren samar da ruwan sha da na ban-ruwa. Sashe na 56 ya ware madatsun ruwa da tashoshin nukiliya masu samar da wuta, ya hana taɓa su ko da soja na amfana da su, matuƙar harin zai saki bala'in da zai hallaka jama'a da yawa.

Yarjejeniyar Rum ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ta saka kai hari da gangan kan kayan farar hula a cikin jerin laifukan yaƙi. A kan wannan ne kotun ta fitar da sammacin kama manyan hafsoshin Rasha biyu, Sergei Kobylash da Viktor Sokolov, a watan Maris na 2024, sannan a watan Yuni ta ƙara da tsohon ministan tsaro Sergei Shoigu da babban hafsan hafsoshi Valery Gerasimov, bisa zargin hare-haren da aka kai wa wutar lantarkin Yukiren daga Oktoban 2022 zuwa Maris na 2023. A watan Nuwamban 2024 kuma kotun ta fitar da sammaci a kan firaministan Isra'ila Benjamin Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant, bisa zarge-zargen da suka haɗa da amfani da yunwa a matsayin makami. Gallant ɗin ne ya fito fili ranar 9 ga Oktoban 2023 ya sanar da cewa an yi wa Gaza ƙawanya gaba ɗaya, ba wuta, ba abinci, ba man fetur. Kwana biyu bayan haka tashar wuta ɗaya tilo da ke Gaza ta tsaya saboda ƙarewar mai.

"Ai sojoji ma da wannan wutar suke aiki"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu kare irin waɗannan hare-hare suke da ita, kuma ba zan yi kamar ba ta da tushe ba. Gaskiya ne cewa gadar da 'yan kasuwa ke bi ita tankokin yaƙi ke bi, kuma wayar da ke kai wuta asibiti tana iya kai ta masana'antar harsashi. Doka ma ta yarda da haka. Idan akwai tashar da ke ciyar da sansanin soja ko na'urar hango jiragen sama, ana iya kai mata hari ba tare da an aikata laifi ba. Saboda haka wanda ya ce duk wani hari a kan gada ko tashar wuta laifin yaƙi ne, ya wuce gona da iri, kuma yana ba abokan gardamarsa ƙofar kuɓuta.

Sai dai doka ba ta tsaya a nan ba. Ta ɗora wa kwamanda nauyin ya auna abin da zai samu da abin da farar hula za su rasa, idan ɓarnar ta yi wa fa'idar rinjaye mai yawa, to dole ya janye. Ta kuma wajabta masa ya nemi hanya mafi sauƙin illa, ya zaɓi lokaci, ya yi gargaɗi idan hali ya ba da dama. Ana yin wannan awo ne a kan kowace tasha ita kaɗai, ba a yi wa dukkan wutar ƙasa kuɗin goro a ce ta zama kayan soja.

Akwai kuma wata gaskiya da duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki ya sani. Idan wuta ta ɗauke, soja ne na ƙarshe da zai ji a jikinsa, domin yana da janareta, yana da rumbun mai, kuma idan man ya yi ƙaranci a gari shi ake fara ba. Tsohuwa mai ciwon suga ita ce ta farko. Don haka idan aka ga ana bin tashoshin wuta na ƙasa guda ɗaya bayan ɗaya, daga gabas har yamma, ɗaruruwan kilomita daga fagen daga, ana jira sai sanyi ya kama a tsananta, ana kuma komawa a sake bugun wadda aka gyara, to an fake da guzuma ne ana harbin karsana. Irin tsarin harin shi yake tona niyyar mai shi, ko da bakinsa bai faɗa ba.

Wani lokaci ma bakin yana faɗa. Bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991, jaridar Washington Post ta ruwaito wasu jami'an sojin saman Amurka da suka tsara hare-haren suna amincewa cewa an rusa wasu wurare a Iraƙi ne don a samu abin matsa wa gwamnatin Bagadaza bayan yaƙi, tunda ba za ta iya gyara su ba sai da taimakon waje. Sakamakon haka matatun ruwa suka tsaya, ƙazanta ta riƙa kwarara cikin kogin Dijla, amai da gudawa da zazzaɓin taifot suka bazu. Tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Martti Ahtisaari da ta ziyarci ƙasar a watan Maris na wannan shekarar ta ce an mayar da Iraƙi zamanin da babu masana'antu. Wani bincike da aka wallafa a 1992 ya ƙiyasta cewa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin dubu 47 ne suka mutu fiye da yadda aka saba, tsakanin Janairu da Agustan 1991, sakamakon yaƙin da takunkumi da abin da ya biyo baya. Waɗannan yaran ba sa cikin lissafin waɗanda bom ya faɗa wa, amma ni ban ga yadda za a cire su daga wuyan wanda ya ba da umarnin kashe wutar ba.

"Idan jama'a suka ji jiki, yaƙin zai ƙare da wuri"

Wanda ya kawo wannan hujja ya riga ya amsa laifin da bakinsa, domin ya yarda cewa farar hula yake nufi. Azabtar da wanda bai ɗauki makami ba don shugabansa ya miƙa wuya shi ne ainihin abin da dokar ta zo hanawa. Ko ta fuskar nasara ma tarihi bai goyi bayan wannan dabara ba. Jamus ta shafe kimanin wata takwas tana ruwan bama-bamai a kan London da wasu biranen Ingila daga 1940 zuwa 1941, mutanen ba su juya wa gwamnatinsu baya ba. Yukiren ta sha hunturu bayan hunturu cikin duhu, ba ta ajiye makami saboda haka ba.

Haka nan maganar "su suka fara". A watan Disambar 2022 Vladimir Putin ya amince cewa suna bugun wutar Yukiren, sai ya jefa tambayar wa ya fara, yana nuni da harin da aka kai wa gadar Kirimiya a watan Oktoba. Isra'ila kuma tana nuni da kisan farar hula da garkuwa da mutane da Hamas ta yi ranar 7 ga Oktoban 2023, wanda shi ma laifi ne babba da ba shi da abin karewa. Amma jaririn da aka ciro daga kwalba a asibitin Al-Shifa na Gaza saboda man janareta ya ƙare bai san an yi wannan rana ba. Ko a shari'ar gargajiya ta ƙauye, idan wani ya ƙone maka rumbu, ba a ba ka izinin zuba guba a rijiyar unguwarsu.

"Dokar Turawa ce, kuma ba ta hawa kan masu ƙarfi"

A nan ne nake jin zafin dattijon majalisarmu, kuma a nan ne yake da gaskiya mafi yawa. A watan Oktoban 2022 shugabar hukumar Tarayyar Turai, Ursula von der Leyen, ta tsaya a gaban majalisar Turai ta ce hare-haren Rasha da ke raba maza da mata da yara da ruwa da wuta da ɗumama gida laifukan yaƙi ne, kuma ta'addanci ne tsantsa. Shekara ɗaya bayan haka, da aka yanke wa mutum fiye da miliyan biyu wuta da ruwa a Gaza, ba a ji irin wannan kakkausar murya daga gare ta ba. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi a idon duniya.

Ba a nan abin ya fara ba. A 1999 jiragen ƙungiyar NATO sun kashe wutar Sabiya, sun karya gadoji a kan kogin Danube, sun bugi gidan talabijin na gwamnati a Belgrade inda ma'aikata 16 suka mutu, kuma kwamitin da mai gabatar da ƙara na kotun Majalisar Ɗinkin Duniya kan laifukan yaƙin Yugoslabiya ya kafa ya ba da shawarar kada a buɗe bincike. Ba wanda aka gurfanar a kan wutar Iraƙi. Amurka da Rasha da Isra'ila duk ba sa cikin Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, kuma Amurka da Isra'ila ba su shiga ƙarin yarjejeniyar 1977 ba. Amurka ta ƙaƙaba wa babbar mai gabatar da ƙara ta kotun, Fatou Bensouda, takunkumi a 2020, ta kuma ƙaƙaba wa magajinta Karim Khan a 2025. Putin, wanda shi ma kotun ta fitar da sammacin kama shi, ya je Mongoliya a 2024, Netanyahu ya je Hungary a 2025, dukansu ƙasashe ne da ke cikin kotun a lokacin, aka shimfiɗa musu jar darduma suka koma gida lafiya. Wanda kotun ta ɗaure a kan rusa gine-gine shi ne Ahmad al-Faqi al-Mahdi, ɗan Mali, wanda aka yanke wa shekara tara a 2016 saboda rushe hubbarorin waliyyai a Timbuktu. Ya cancanci hukuncinsa, amma duk mai ido ya ga inda hannun kotun yake iya kaiwa da inda yake gajarcewa.

Na yarda da duk wannan, sai dai ban yarda da inda ake son kai mu da shi ba. Idan alƙali ya saki ɓarawo mai gata ya ɗaure ɓarawo talaka, abin da ya kamata a nema shi ne a kamo wanda aka saki, ba a halatta sata ba. Mu da muke ƙasashe marasa ƙarfi mu ne muka fi kowa buƙatar wannan doka, domin ba mu da makaman kakkaɓo makamai masu linzami, kuma wutar tamu da ruwan namu a kan 'yan layuka ƙalilan suke rataye. Idan muka taya masu ƙarfi yaga takardar don haushin munafuncinsu, ranar da abin zai zo kanmu ba mu da ko abin ɗagawa.

Batun cewa dokar ta Turawa ce kuwa, mai faɗar haka ya manta da abin da ke cikin littattafan da muke karantawa a zaure. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa wasiyyar da Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura runduna Sham. Ya hana shi kashe mace da yaro da tsoho tukuf, ya hana shi sare itace mai 'ya'ya, ya hana shi rushe wurin da mutane ke zaune, ya hana shi yanka akuya ko raƙumi sai don ci. Itacen dabino da raƙumi da rijiya su ne abin da rayuwar mutanen wancan zamani ta dogara a kai, kamar yadda tamu ta dogara a kan taransfoma da famfo. An yi wannan wasiyya fiye da shekara 1,300 kafin a zauna a Geneva. Musulmin da ya yi murna don an kashe wa wani gari ruwa ya binciki kansa, ya ga wace koyarwa yake bi.

Gibin da ya fi shafar mu

Akwai rauni ɗaya a dokar da ba a cika magana a kansa ba, kuma mu ya fi shafa. Yawancin ƙa'idojin da na ambata an rubuta su ne don yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa. A yaƙin cikin gida, Yarjejeniyar Rum ta ambaci asibitoci da makarantu da wuraren ibada da na tarihi, amma ba ta kawo laifin kai hari kan kayan farar hula a dunƙule ba, kuma sai a 2019 aka yi gyaran da ya saka amfani da yunwa a cikin laifukan irin wannan yaƙi. Alhali yaƙe-yaƙen da ke cin yankinmu kusan duk na cikin gida ne.

A watan Janairun 2021 mayaƙan da suka addabi Borno sun tarwatsa turakun babban layin wuta da ke tsakanin Damaturu da Maiduguri. Birnin ya yi kimanin wata biyu cikin duhu, ma'aikata suka sayar da rai suka gyara, bayan 'yan kwanaki aka sake dasa bom aka kayar da turakun. Ban taɓa jin wani a majalisarmu ya kira wannan dabarar yaƙi ba, kowa ya san zalunci ne a kan masu sayar da ƙanƙara da teloli da marasa lafiya.

A Sudan kuwa, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke da yawa tun zamanin tafiyar Hajji a ƙasa, an yi ta kai hare-haren jirage marasa matuƙa a 2025 kan tashar wuta ta madatsar Merowe da rumbunan mai na Port Sudan, ana kuma ɗora alhakinsu a kan dakarun RSF da ke yaƙi da sojojin gwamnati. A watan Mayu aka bugi tashoshin wuta a Omdurman, matatun ruwa suka tsaya, mutane suka koma ɗiban ruwa kai tsaye daga kogin Nilu, cikin 'yan kwanaki kwalara ta ɓarke a jihar Khartum, asibitocin da suka rage suka cika har ana kwantar da marasa lafiya a ƙasa. Ikon kotun duniya a Sudan ya tsaya ne a kan Darfur, bisa ƙudurin Kwamitin Sulhu na 2005, don haka wanda ya aika jiragen Omdurman ba ya cikin hurumin sammacinta.

Wannan gibi ba sai mun jira Turai ta cike mana shi ba. Ƙasashen Afirka suna da kujeru masu yawa a taron ƙasashen da ke cikin kotun, suna iya gabatar da gyara kamar yadda aka yi a kan yunwa a 2019. Majalisun dokokinmu kuma suna iya rubuta wannan laifi ƙarara a cikin dokokin ƙasa, ya hau kan ɗan tawaye da kwamandan gwamnati daidai wa daida, yadda kotu a Maiduguri ko Yamai za ta iya sauraron ƙarar ba tare da an nemi izinin kowa a waje ba.